RA'AYI: Na'urar jijiyar wuya, rangwamen haraji da mai farfaɗiya a Gombe

Duk ma'aikacin da ke yawan leƙa Facebook ko Instagram ya san irin wannan talla. Wata 'yar na'ura ce da ake ratayawa a wuya kamar sarƙa, ko a maƙala ta a kunne, ko a danna ta a gefen maƙogwaro na minti biyu, wai sai gajiya ta gushe, barci ya zo, hankali ya kwanta. Kuɗinta 'yan ɗaruruwan daloli ne. A ƙasan hoton kuma akan ga wasu haruffa, HSA da FSA, tare da albishir cewa ana iya biyan kuɗin na'urar daga waɗannan asusu. A wurin Ba'amurke wannan zance ne na haraji kawai. Amma a wurin ma'aikacin tarayya da ke zaune a Tumfure ko unguwar Federal Low Cost a Gombe, wanda bai taɓa jin labarin asusun ba, haruffan sun fi kama da hatimin wata hukumar lafiya da ta gwada na'urar ta amince da ita.

Daga nan matsala ta rabu biyu. Akwai ta aljihun ma'aikaci, wanda zai iya tura kuɗin hayar gidansa na shekara zuwa waje don sayen abin da ba a tabbatar da amfaninsa ba. Akwai kuma wadda ta fi wannan girma, ta masu rubuta takardun shawara a ma'aikatu da ofisoshin 'yan majalisa. Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026, hankalin ma'aikata ya koma kan abin da ake cirewa daga albashi kafin a yanka haraji, kuma ba wuya hadimi mai himma ya hango tsarin Amurka ya yi sha'awar a kwaso shi: a buɗe wa kowane ma'aikaci asusun lafiya nasa na kansa, kuɗin ciki ba a taɓa shi da haraji, ya sayi abin da ya ga dama. Shawarar tana da kyan fuska, amma ba ta dace da Najeriya ba, kuma halin da mai farfaɗiya ke ciki a Gombe ya isa hujja.

Ita dai jijiyar da ake magana a kanta gaskiya ce, ba ƙirƙirar 'yan talla ba. Ita ce ta goma cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, biyu-biyu, dama da hagu. Sunanta na Latin, vagus, yana nufin mai yawo, domin takan sauko ta wuya ta ratsa ƙirji, ta leƙa maƙogwaro da zuciya da huhu, ta gangara ciki har hanji. Ita ce ke sassauta bugun zuciya bayan firgici, ita ce ke da hannu a murya da haɗiya da narkar da abinci. Kusan kashi 80 cikin ɗari na zaruruwanta saƙo suke kaiwa sama, daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa, kuma wannan ne ya ba masana tunanin cewa idan aka taɓa ta da lantarki kaɗan a wuya, ana iya isar da saƙo ga ƙwaƙwalwa ba tare da an buɗe ƙoƙon kai ba.

Wani masani a Amurka mai suna Jacob Zabara ne ya nuna, a shekarun 1980, cewa yin hakan na tsayar da jijjiga a jikin karnuka. A 1988 aka fara dasa wa mutum na'urar, kuma a 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita ga masu farfaɗiyar da ta gagari magani. Aikin tiyata ne sosai. Ana tsaga fata a ƙasan ƙashin wuya a saka wani ɗan batir, a ja waya a naɗe ta a jijiyar hagu (an fi guje wa ta dama saboda kusancinta da abin da ke tsara bugun zuciya), sannan likita ya saita ta, galibi ta yi aiki daƙiƙa 30 ta huta minti biyar, dare da rana. Murya takan dusashe lokacin da take aiki, wasu su yi tari ko su ji ciwon maƙogwaro, batir kuma yakan ƙare bayan wasu shekaru a sake komawa ɗakin tiyata. Sakamakonta ma na matsakaici ne: kimanin rabin waɗanda aka dasa wa ne yawan faɗuwarsu ke raguwa da rabi bayan an ɗauki lokaci, kaɗan ne ke rabuwa da ciwon baki ɗaya, kuma ana ci gaba da shan magani tare da ita. Kamfanin Cyberonics ne ya ƙera ta, wanda daga 2015 ya koma LivaNova.

Bayan farfaɗiya an buɗe wasu ƙofofin. A 2005 an amince da na'urar ga ciwon damuwa mai tsanani da ya ƙi jin magani, ko da yake inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi ta ƙi biyan kuɗinta a 2007 saboda hujjar ba ta gamsar da ita ba. A 2017 da 2018 wata na'urar da ba a dasawa, gammaCore, ta samu izini ga wasu nau'o'in ciwon kai masu tsanani, bisa takardar likita. A 2021 aka amince da Vivistim don taimaka wa hannun da ya shanye bayan bugun jini, a haɗe da gashin ƙashi da motsa jiki, a 2025 kuma aka ƙara wata ga masu amosanin gaɓɓai. Kowace daga cikinsu ta bi ta gwaji, an ƙayyade cutar da take yi wa aiki da irin majinyacin da ya cancanta.

Waɗanda ke yawo a wayoyin mutane kuwa, mafi yawansu wani jinsi ne dabam. Ana sayar da su a matsayin kayan jin daɗin jiki, rukunin da FDA ba ta tantance shi kamar yadda take tantance magani, muddin mai sayarwa bai fito fili ya ce na'urarsa na warkar da wata cuta ba. Shi ya sa kalmomin tallar suke da santsi: natsuwa, kwanciyar hankali, barci mai daɗi. Kamfanin da ke yin gammaCore ma yana da wata mai suna Truvaga da yake sayarwa ba da takardar likita ba, a ƙarƙashin wannan rukuni. Binciken da aka yi kan irin waɗannan na'urori yawanci ƙanana ne, na mutane kaɗan da ɗan gajeren lokaci, sakamakonsu na karo da juna, kuma akwai wata wahala da masu binciken kansu suka sani: mutum yana jin tsikarin lantarki a fatarsa, don haka da wuya a raba amfanin na'urar da amfanin yarda da ita. Mai son ya sassauta bugun zuciyarsa yana iya jan numfashi a hankali ya sake shi a hankali, jijiyar za ta amsa, ba tare da an canza naira zuwa dala ba.

Sai haruffan nan. HSA asusun ajiya ne da dokar Amurka ta 2003 ta kafa, wanda ya fara aiki a 2004, ga masu inshorar da ke barin mutum ya biya kaso mai yawa daga aljihunsa kafin ta shigo. Abin da aka zuba a ciki ba a yanka masa haraji, har zuwa iyakar da ake sabuntawa duk shekara. A 2025 dala 4,300 ce ga mutum ɗaya, 8,550 ga iyali. FSA kuwa ta hannun mai ba da aiki ake buɗe shi, iyakarsa a 2025 dala 3,300, kuma yawancin abin da ya rage a ciki idan shekara ta ƙare ya bi ruwa. Wannan ne sirrin tallar da ke yawaita a watan Disamba: mutum na da kuɗin da zai rasa, ɗan kasuwa na da hajar da zai sayar. Don a shigar da hajar cikin abin da asusun ke biya, sai aka samu kamfanonin da aikinsu shi ne haɗa mai saye da wani ma'aikacin lafiya ta intanet, ya amsa 'yan tambayoyi, a ba shi takardar cewa lafiyarsa na buƙatar abin. Lamarin ya kai ga hukumar haraji ta Amurka, IRS, ta fitar da gargaɗi a watan Maris na 2024 cewa wasu kamfanoni na yaudarar mutane, suna nuna kayan abinci da na jin daɗin jiki a matsayin kuɗin magani, kuma takardar da aka rubuta bisa abin da mutum ya faɗa da bakinsa kawai ba ta mayar da sayayyar ta zama jinya. Haruffan nan ke nan: ba su ce komai game da ko na'urar tana aiki ba, a ƙasar da aka ƙirƙire su ma ana jayayya a kansu.

A Najeriya babu irin wannan asusu. Dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, ta lissafa abubuwan da ake cirewa kafin a yanka haraji: kason fansho, kason asusun gidaje na ƙasa, kason inshorar lafiya ta ƙasa, kuɗin inshorar rai, kuɗin ruwan bashin gina gidan da mutum ke zaune a ciki, da rangwamen haya na kashi 20 cikin ɗari wanda ba zai wuce naira 500,000 ba. Na'urar da mutum ya saya da kuɗin hannunsa ba ta cikin jerin. Ƙofar lafiya guda ɗaya ce, ita ce ta inshora, kuma abin da ya shiga ta wannan ƙofa tukunyar kowa da kowa yake faɗawa. A tsarin ma'aikatan tarayya, wanda ya fara aiki a 2005, ƙa'idar ita ce gwamnati ta zuba kashi 3.25 cikin ɗari na dunƙulallen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 1.75, a kula da shi da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ya biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani.

Wanda ke son a ƙara ƙofa ta biyu ya kamata ya fara zama da alƙalami. A sabuwar doka naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji. Daga nan zuwa miliyan uku kashi 15 ne, zuwa miliyan 12 kashi 18, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura haka kashi 25. A ɗauki na'urar dala 300, a ƙiyasta dala a naira 1,500, ya zama naira 450,000. Idan aka yarda a cire wannan kuɗi kafin haraji, wanda ke saman bene zai samu sauƙin naira 112,500. Jami'i mai matsakaicin albashi da ke rukunin kashi 18 zai samu 81,000. Masinja ko mai shara da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata, wato 840,000 a shekara, da zarar an cire kason fanshonsa ya faɗo ƙasa da layin haraji, don haka ba zai samu ko kwabo ba. Balle mai sayar da gwanjo a babbar kasuwar Gombe, ko manomin wake a Kwami, ko ɗan acaɓa a Jekadafari, waɗanda ba su da takardar albashi tun asali. Rangwamen haraji na wannan siga ruwa ne da ke gangarawa inda ruwa yake.

Akwai kuma tambayar wanda zai yi asarar kuɗin. Harajin albashin farar hula na tarayya jihar da yake zaune ake biya. Malamin Jami'ar Tarayya ta Kashere, da ma'aikacin jinya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan titin Ashaka, da malamin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gombe, duk harajinsu hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Gombe yake zuwa. Saboda haka duk rangwamen da aka rubuta a Abuja, baitulmalin Gombe ne zai ji a jikinsa, baitulmalin da ake ɗibar kuɗin Asibitin Ƙwararru na jiha da asibitocin Bajoga da Kaltungo daga cikinsa. Hadimin da ya ɗauka kyauta yake yi wa ma'aikata, da kuɗin wani yake yin ta.

Sai dai masu sha'awar asusun kai-da-kai ba su rasa abin faɗa ba, kuma bai kamata a yi musu kunnen uwar shegu ba. Ma'aikacin tarayya ya daɗe yana kuka da inshorar nan. Ya je asibiti da katinsa a ce maganin ya ƙare, ya fita kemis ya saya da kuɗinsa. A tura shi wurin ƙwararren likita, ya wuni yana jiran lambar amincewa daga kamfanin da ke tsakaninsa da asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa na manyan na'urori rabin kuɗin kawai inshora ke ɗauka. Sama da shekara goma asibitoci suka yi suna karɓar naira 750 a wata kan kowane mai rajista, alhali farashin komai ya ninka ya sake ninkawa, musamman bayan da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, manyan kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi kuma suka sanar a wannan shekara cewa za su daina gudanar da harkarsu kai tsaye a ƙasar. Mutumin da ya biya sau biyu, ɗaya a takardar albashi, ɗaya a kantin magani, yana da hakkin ya ce a bar masa kuɗinsa a hannunsa. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar NHIS, ta amsa wani ɓangare na kukan a 2025, inda ta ɗaga kuɗin nan zuwa naira 1,450, ta kuma umarci kamfanonin su riƙa ba da lambar amincewa cikin awa ɗaya. Ko umarnin ya sauka daga takarda zuwa tagar karɓar magani, masu kati ne za su ba da shaida. Amma idan rufin ɗaki na yoyo, gyara shi ake yi. Raba wa manyan gida laima ba ya tsayar da ruwa a kan yara.

A nan ne farfaɗiya ta shigo, domin ita ce cutar da aka fara ƙera na'urar dominta, kuma ita ce ke nuna tazarar da ke tsakanin tallar da rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Ta kuma ce har kashi 70 cikin ɗari na iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace, amma a ƙasashe matalauta kusan kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Abubuwan da ke haddasa ta kuwa duk sanannu ne a wannan yanki: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau da ke zagayowa lokacin zafi, da buguwar kai a haɗarin babur. Gombe na tsakiyar arewa maso gabas, tana iyaka da Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, kuma asibitin tarayya da ke cikinta, wanda aka kafa a 1996, shekarar da aka ƙirƙiri jihar, yana karɓar majinyata daga duk waɗannan sassa.

Kafin mai farfaɗiya ya isa wannan asibiti, yakan bi doguwar hanya. A gidaje da yawa ana danganta ciwon da iska, a ɓoye shi, a yi ta neman taimako a wurare dabam-dabam har shekaru su shuɗe. Har yanzu akwai masu gudu idan mutum ya faɗi, wai kada yawunsa ya taɓa su, alhali ciwon ba ya yaɗuwa ta yawu ko ta kowace irin mu'amala. Akwai masu cusa cokali a baki, su karya haƙori ko su toshe numfashi, maimakon su kwantar da shi a gefensa su kawar da abin da zai ji masa rauni. Yarinya kan faɗa murhu tana girki. Yaro kan bar makaranta saboda tsokanar 'yan aji. Budurwa kan rasa manemi da zarar labari ya fita, ma'aikaci kuma kan ɓoye wa ofis don tsoron kada a ce bai iya aiki ba. Duk wannan yana faruwa ne a kan ciwon da ƙwayoyi irin su fenobabiton da kabamazafin da balfurowet, waɗanda aka sani tun shekaru da dama, ke iya riƙe shi a mafi yawan mutane.

Ga kuma inda maganar na'ura ke karyewa tun daga tushe. Likitocin duniya sun yi ittifaƙi cewa ba a kiran farfaɗiya mai gagarar magani sai an gwada magunguna biyu da suka dace da nau'inta, a daidai gwargwado, na isasshen lokaci, suka kasa. Sai bayan haka ake maganar tiyata ko dasa na'ura. To yaron da ya sha magani wata biyu, aka rasa kuɗi wata ɗaya, aka samo wani samfurin dabam a kasuwa wanda ba a san ingancinsa ba, sannan aka daina saboda an ga ya samu sauƙi, ba a iya cewa magani ya gagare shi. Bai taɓa samun maganin yadda ya kamata ba. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya ma haɗari ne, yakan jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Babban abin tsoro game da tallar nan shi ne uba mai ɗan hali, wanda ya gaji da sayen ƙwayoyi duk wata, ya karanta cewa taɓa jijiyar wuya na maganin farfaɗiya a Amurka, ya sayo ta ratayawa, ya ajiye ƙwayoyin. Wadda aka amince da ita a can ta dasawa ce, a hannun likitan tiyata, kuma ko ita ba ta maye gurbin magani.

Duk da haka za a samu 'yan tsiraru, a Gombe kamar ko'ina, waɗanda suka sha magani yadda ya kamata ciwon ya ƙi. Su ne masu buƙatar na'urar ta gaske, kuma su ne asusun kai-da-kai ba zai yi wa komai ba. Dasa ta a Amurka yakan haura dala 20,000, wato sama da naira miliyan 30 a lissafin da aka yi a baya. Mai mafi ƙarancin albashi, ko da bai ci bai sha ba ya tara kowace naira, sai ya shafe shekara 35, daidai iyakar shekarun aikin gwamnati, bai cika kuɗin ba. Darakta ma ba zai tara su cikin shekarun da ciwon ke cin ƙwaƙwalwar ɗansa ba. Ciwo mai tsada da ke samun mutum ɗaya cikin dubbai, tukunyar taro ce kaɗai ke iya ɗaukarsa: dubbai su zuba kaɗan-kaɗan, wanda ƙaddara ta faɗa wa ya ɗiba. Asusun ajiya akasin haka yake yi, yana raba tukunyar zuwa ƙananan kwanuka, mai lafiya ya riƙe nasa cike, marar lafiya ya ga ƙasan nasa tun kafin shekara ta raba.

Ƙasashen da ake kafa hujja da su ma ba su tsaya a kan ajiya kaɗai ba. Singafo ta kafa Medisave a 1984, amma tilas ne a kan kowane ma'aikaci, an ƙayyade abin da za a kashe kuɗin a kai, kuma a 1990 sai da ta ƙara inshorar manyan cututtuka, a 1993 ta ƙara asusun marasa hali. Afirka ta Kudu kuwa ta yi tafiya ne a kishiyar hanya. Da can tana barin a cire kuɗin inshorar lafiya kafin haraji, sai ta lura masu manyan albashi ne ke kwashe amfanin, don haka daga 2012 ta mayar da shi rangwame mai adadi guda ga kowane mai biyan haraji. Idan har dole ne a ƙara wa ma'aikacin Najeriya sauƙi ta hanyar haraji, wannan ya fi kusa da adalci, ko da yake shi ma ba ya kaiwa ga wanda ba ya biyan harajin.

Mai neman abin da zai rubuta wa minista ko sanata a kan wannan batu ba zai rasa ba, sai dai abubuwan ba su da ƙyalli. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince, a babban taron lafiya na duniya na watan Mayun 2022, da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda zai ƙare a 2031, kuma ginshiƙinsa shi ne kai magani matakin farko. Ma'anarsa a Gombe ita ce ma'aikacin lafiya a Dukku ko Nafada ko Shongom ya iya gane farfaɗiya, ya fara magani, ya san wanda zai tura gaba, ya kuma san cewa balfurowet na da haɗari ga ɗan tayi don kada a ba mace mai shirin haihuwa ba tare da shawara ba. Akwai hanyoyin kuɗi da doka ta riga ta tanada: asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da asusun masu rauni na dokar 2022, da hukumar GoHealth da Jihar Gombe ta kafa da dokar 2019. Abin da ya rage shi ne a tilasta wa asibitin da ya karɓi kuɗin inshora ya ajiye maganin da ke cikin jeri, ko ya mayar wa majinyaci abin da ya kashe a waje, a kuma sa gwajin igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa, EEG, cikin abin da mai kati ke samu ba tare da ya yi tafiyar kwana ba. Ga 'yan tsirarun nan kuma, a ware wani kaso a tukunyar NHIA don manyan jinya, da kwamitin likitocin ƙwaƙwalwa da zai tantance wanda ya cika sharaɗin magunguna biyu, don kada kason ya zama na masu uwa a gindin murhu.

Game da na'urorin ratayawa kuwa, hurumin NAFDAC ne, domin dokarta ta haɗa da kayan aikin lafiya da tallarsu. Wanda ke da hali kuma yake son ya gwada don barci, kuɗinsa ne, ba mai hana shi, sai dai mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya ko mai ciwon zuciya ko mai juna biyu ya fara tuntuɓar likita, domin masu ƙera su da kansu suna gargaɗi a kan haka. Amma duk mai shigo da su da ya rubuta farfaɗiya ko hawan jini ko ciwon suga a tallarsa, ya fita daga sayar da kayan jin daɗi ya shiga da'awar magani, kuma ya kamata a nemi lambar rajistarsa da hujjar da ya dogara da ita kafin kayan su bar tashar jirgi.